Wa Ke da Alhakin Tsaron Sakkwato: Gwamna, Abuja, ECOWAS ko Majalisar Ɗinkin Duniya?

Wani malamin makaranta daga yankin Sabon Birni ya rubuto yana cewa shekara da shekaru ke nan ana kashe mutane a garuruwansu, ana sace wasu don neman kuɗin fansa, ana aza wa ƙauyuka haraji kafin a bar su su yi shuka, alhali kullum rediyo ba ya rabuwa da ambaton Majalisar Ɗinkin Duniya da Tarayyar Afirka da ECOWAS. Ya ce me ya hana waɗannan ƙungiyoyi turo dakaru kamar yadda aka tura Laberiya da Mali, kuma in har ba su ne za su zo ba, to wa talaka zai riƙe, gwamna ko shugaban ƙasa?

Malam, Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan musiba. Amsar a dunƙule ita ce babu ko ɗaya daga cikin ƙungiyoyin nan uku da ke da sojan kanta wanda za ta ɗauko ta sauke a Gatawa ko Tangaza, kuma ko da tana da shi, mabuɗin ƙofar da zai bi ya shigo yana Abuja. Sai dai amsar tana bukatar warwara, domin kowace daga cikinsu da iyakar inda hannunta yake kaiwa, kuma wanda bai san iyakar ba zai yi ta kai kuka gidan da ba a nan aka yi mutuwa ba.

Bari in fara da wadda ta fi nisa. Wanda ke zaune a cikin garin Sakkwato ya saba ganin fararen motoci masu manyan haruffa a jikin ƙofa suna fita da sassafe, har na taɓa jin wani dattijo a wata majalisa ta bakin titi yana nuna ɗaya yana cewa ga masu kwantar da tarzoma nan sun iso. Waɗannan motoci na hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ne masu kula da lafiya da yara da 'yan gudun hijira, irin su UNICEF mai ofishi a Sakkwato, aikinsu rigakafi ne da maganin tamowa da makarantu, kuma ba su ɗauke da ko harsashi ɗaya. Ɓangaren Majalisar da ke da ikon yanke hukunci kan yaƙi da zaman lafiya shi ne Kwamitin Sulhu, mai kujeru 15, biyar na dindindin a hannun Amurka da Rasha da Sin da Birtaniya da Faransa, goma kuma na karɓa-karɓa na shekara biyu-biyu, uku daga ciki na Afirka. Ƙuduri ba ya wucewa sai ya samu ƙuri'a tara, kuma sai in babu ko ɗaya daga cikin biyar ɗin nan da ta hau kujerar na-ƙi. Babban Zauren Majalisar, inda ƙasashe 193 ke da ƙuri'a ɗaya-ɗaya, yana muhawara yana zartar da ƙudurori, amma a kan sha'anin tsaro ƙudurorinsa shawara ce wadda ba ta ɗaure kowa. Wannan zaure ne Farfesa Tijjani Muhammad-Bande, tsohon shugaban Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ya shugabanta daga 2019 zuwa 2020, kuma duk da girman kujerar, ba ta ba shi ikon motsa soja ko guda ba.

Kundin da aka kafa Majalisar a kansa, wanda aka sa wa hannu a birnin San Faransisko a 1945, ya faɗa a sashe na 2 sakin layi na 7 cewa ba ta da hurumin tsoma baki cikin al'amuran da suke na cikin gidan wata ƙasa. Togaciyar da ke akwai ita ce babi na bakwai, wanda ya ba Kwamitin Sulhu damar aza takunkumi ko ba da izinin amfani da ƙarfi idan ya ga abin ya zama barazana ga zaman lafiyar duniya. Su kuwa dakarun kiyaye zaman lafiya masu shuɗiyar hula, aro ake yi daga ƙasashe, kamar yadda aka ari sojojin Najeriya zuwa Kwango tun a 1960, shekarar da ƙasar ta samu 'yancin kai ta kuma shiga Majalisar a matsayin ƙasa ta 99. Sharaɗin farko na tura su shi ne yardar gwamnatin ƙasar da za a je, na biyu kada su goyi bayan wani ɓangare, na uku kada su yi harbi sai don kare kansu ko kare aikin da aka ɗora musu. Ka duba waɗannan sharuɗɗa ka auna su da halin da ake ciki a dazuzzukan gabashin Sakkwato, inda babu yarjejeniyar tsagaita wuta da za a tsare, babu shugaba guda da zai sa hannu a madadin ɓarayin daji. Sannan da wuya a samu gwamnatin Najeriya, wadda ta saba ita ke tura soja ƙasashen wasu, ta rubuta takarda zuwa birnin Niyok tana cewa ta kasa a gida.

Tun da ka ambaci Mali, to ita ce ma babbar shaida. An kafa rundunar kiyaye zaman lafiya ta Majalisar Ɗinkin Duniya a Mali, wato MINUSMA, a 2013, an amince mata da sojoji da 'yan sanda wajen 15,000, ta shekara goma a can, ma'aikatanta fiye da 300 suka rasa rayukansu, amma rikicin da ya faro daga arewacin ƙasar ya gangaro tsakiyarta, ya tsallaka Burkina Faso da yammacin Nijar. A watan Yuni na 2023 gwamnatin sojan Mali ta ce su tattara su tafi, kuma zuwa ƙarshen Disamba sun tafi, domin da zarar mai gida ya janye yardarsa zaman baƙo ya ƙare. Ɗaya hanyar, wato amfani da ƙarfi ba tare da yardar gwamnati ba, an gwada ta a Libiya da ƙuduri mai lamba 1973 na watan Maris 2011, wanda Najeriya da Afirka ta Kudu da Gabon suka kaɗa wa ƙuri'ar amincewa a lokacin. Gwamnatin Gaddafi ta faɗi, rumbunan makamanta suka watse, makaman suka bi hanyoyin hamada suka yi kudu. A ganina duk mai roƙon a kawo sojan duniya Sakkwato ya kamata ya tsaya ya yi dogon nazari kan wannan shekara ta 2011.

Tarayyar Afirka ba za ta ɗauke mu dogon lokaci ba. Ta maye gurbin tsohuwar Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a 2002, tana da nata Kwamitin Sulhu da Tsaro mai kujeru 15 wanda ya fara aiki a 2004, babu mai kujerar na-ƙi a cikinsa, kuma kundinta ya fi na Majalisar Ɗinkin Duniya ƙarfin hali, domin sashe na 4 ya ba ta damar shiga ƙasa idan ana kisan ƙare dangi ko laifukan yaƙi. Matsalarta aljihu ce. Aikinta mafi girma, wato na Somaliya da aka fara a 2007, ya daɗe yana dogaro da kuɗin Tarayyar Turai, shi ya sa aka yi ta murna da ƙuduri mai lamba 2719 na Disamba 2023, wanda ya buɗe hanyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta riƙa biyan har kashi 75 cikin ɗari na kuɗin wasu ayyukanta. Makamin da ta fi yawan amfani da shi dakatarwa ce, kamar yadda ta dakatar da Nijar a watan Agusta 2023.

ECOWAS ce ya kamata mu tsaya a kanta, domin ita ce mutanen Sakkwato suka ɗanɗana a jikinsu. An kafa ta a Legas ranar 28 ga Mayu 1975 don cinikayya da zirga-zirga, ba don yaƙi ba, sai yaƙin basasar Laberiya ya tilasta mata kafa rundunar ECOMOG a 1990, wadda daga baya ta mayar da Shugaba Ahmad Tejan Kabbah kan mulki a Saliyo a 1998. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne mafi yawan sojojin da kuɗin da gawawwakin na Najeriya ne. Saboda haka idan ɗan Najeriya ya ce ECOWAS ta turo soja, abin da yake roƙo a haƙiƙa shi ne Najeriya ta turo wa kanta sojanta da wata hula daban. Yarjejeniyar 1999 ta hana rikici da ta 2001 kan dimokuraɗiyya sun ba ƙungiyar hurumin hukunta masu juyin mulki, kuma ta yi nasara a Gambiya a farkon 2017, inda Yahya Jammeh ya bar ƙasar bayan dakaru sun tsallaka iyaka daga Senegal. Gambiya kuwa ƙaramar ƙasa ce da Senegal ta kusan kewaye ta.

Da sojoji suka kifar da Shugaba Mohamed Bazoum na Nijar ranar 26 ga Yuli 2023, shugabannin ECOWAS sun taru a Abuja bayan kwana huɗu ƙarƙashin jagorancin Shugaba Tinubu, suka ba da wa'adin mako guda, suka rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wutar lantarkin da Nijar ke samun mafi yawan wutarta daga gare ta. An yanke wannan hukunci a ɗakin taro mai sanyi, amma zafinsa a Illela ya sauka. Wanda ya bi hanyar a waɗancan watanni ya ga manyan motoci sun yi jerin gwano a gefen titi, direbobi sun shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashinsu suna dafa shayi, kayan gwari suna ruɓewa a cikin buhuna, kasuwar dabbobi ta yi sanyi, kuma iyalan da rabinsu ke Illela rabi ke Birnin Ƙonni sun koma bin ɓarauniyar hanya a kan babur don zuwa suna ko ta'aziyya. Ɓarauniyar hanyar da mai ta'aziyya ya bi kuwa ita ce mai safarar bindiga yake bi, sai dai yanzu ta ƙara masu wucewa, wanda zai ɓace a cikinsu ya samu sauƙi.

Maganar yaƙi da Nijar ba ta je ko'ina ba, kuma abin da ya tsayar da ita darasi ne game da inda iko yake. Sashe na 5 na tsarin mulkin 1999 ya hana shugaban ƙasa tura soja yaƙi a wajen Najeriya ba tare da amincewar Majalisar Dattawa ba, sai dai in tsaron ƙasa na fuskantar barazana ta gaggawa, shi ma sai ya nemi yardarta cikin kwana bakwai. Sanatocin Arewa suka fito fili suka ƙi, Majalisar Dattawa ta ba da shawarar a bi hanyar sulhu. Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, wanda shi kansa tsohon hafsan soja ne, yana cikin tawagar Janar Abdulsalami Abubakar da ta je Yamai, ita ma tawagar malaman addini ta je ta gana da jagoran juyin mulkin, Janar Abdourahamane Tchiani. A watan Fabrairu 2024 ECOWAS ta ɗage takunkumin, a watan Maris Najeriya ta ba da umarnin buɗe iyakokinta, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Nijar da Mali da Burkina Faso sun kafa ƙawancen ƙasashen Sahel, wato AES, a watan Satumba 2023, suka sanar da ficewa daga ECOWAS a Janairu 2024, ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025, ƙungiyar ta dawo ƙasashe 12 daga 15.

Wannan ita ce asarar da na fi ganin girmanta ga Sakkwato. Iyakar Najeriya da Nijar ta kai kimanin kilomita 1,500, ta ratsa jihohi bakwai daga Kebbi zuwa Borno, kuma a jiharmu ta shafi ƙananan hukumomi irin su Gudu da Tangaza da Illela da Gada da Sabon Birni. Layi ne da Turawan Ingila da na Faransa suka ja a tsakiyar jama'a guda, Gobirawan Sabon Birni a nan, 'yan'uwansu na Tsibiri a can, kuma tun daga 2019 dubban mutanenmu sun tsallaka jihar Maraɗi neman mafaka. Ɗan bindiga ba ya tsayawa a shinge ya nuna takarda, soja kuwa dole ya tsaya, domin tsallakawa da makami ba tare da izini ba keta hurumin ƙasa ne. 'Yan bindigar nan masu da'awar addini da ake kira Lakurawa, waɗanda hedikwatar tsaro ta fito ta yi maganarsu a watan Nuwamba 2024 kuma kotun tarayya ta ayyana su 'yan ta'adda a Janairu 2025, sun yi sheƙa ne a daidai wannan tsagi na Tangaza da Gudu, inda in an matsa musu a nan su zame can. A yankin Tafkin Chadi akwai rundunar haɗin gwiwa ta ƙasashe mai hedikwata a Njamena, wadda aka farfaɗo da ita a 2015 don yaƙar Boko Haram, amma huruminta bai iso arewa maso yamma ba, kuma ita ma Nijar ta sanar da janyewa daga cikinta a watan Maris 2025. Abin da ya rage a tsakanin ƙasashen biyu shi ne tsofaffin hanyoyi na kai-tsaye, irin su Hukumar Haɗin Gwiwar Najeriya da Nijar da aka kafa a 1971 mai mazauni a Yamai, da kuma sanayyar da ke tsakanin kwamandoji da sarakunan bakin iyaka. Da ni za a tambaya abu ɗaya na ƙasa da ƙasa da zai fi rage zubar da jini a gabashi da arewacin Sakkwato, zan ce yarjejeniyar sintiri da musayar bayanai tsakanin Abuja da Yamai, wadda za ta bai wa sojan kowane ɓangare damar bin sawun maharan da suka tsallaka. Wannan ba ta bukatar ƙuri'ar kowa a Niyok.

Ko harin da Amurka ta kai a jihar nan a daren 25 ga Disamba 2025 bai fita daga wannan ƙa'ida ba, domin ba Kwamitin Sulhu ne ya ba da izini ba, gwamnatin tarayya ce ta ce da saninta da haɗin kanta aka kai shi. Mai goyon baya da mai suka duk Abuja za su tambaya.

Yanzu sai kashi na biyu na tambayarka. Sashe na 14 na tsarin mulki ya ce tsaro da jin daɗin jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati, amma da aka zo rabon kayan aiki sai aka tara su a wuri guda. Sashe na 214 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce tak a ƙasar, sashe na 218 ya ɗora ikon sarrafa sojoji a hannun shugaban ƙasa, kuma makamai da harsasai da shige da fice da kwastan duk suna cikin jerin abubuwan da tarayya kaɗai ke yi wa doka. Hukumar tsaro ta farin kaya da takwarorinta biyu, ta leƙen asirin waje da ta soja, an kafa su da dokar 1986, kuma ofishin Mai ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Harkokin Tsaro ne ke haɗa kan aikinsu. Majalisar Tsaro ta Ƙasa, inda ake tsara manufa, shugaban ƙasa ne ke jagorantarta, tare da mataimakinsa da Babban Hafsan Tsaro da Sufeto Janar da ministocin tsaro da cikin gida da harkokin waje, babu kujerar gwamna a cikin waɗanda tsarin mulki ya lissafa. Runduna ta 8 ta sojan ƙasa tana da hedikwata a Sakkwato, haka ma shiyya ta 10 ta 'yan sanda, amma umarninsu daga sama yake saukowa, kamar yadda daga can aka sauya rundunar Hadarin Daji da ta Fansan Yamma a 2024.

Ana kiran gwamna babban jami'in tsaron jiharsa, kuma shi ke zama a kan kujerar shugaba idan majalisar tsaron jiha ta taru, kwamishinan 'yan sanda a dama, kwamandan soja a hagu, amma babu ɗaya daga cikinsu da shi ya naɗa ko yake iya cirewa. Sashe na 215 ya ba shi damar bai wa kwamishina umarni, sannan a sakin layin nan dai ya bai wa kwamishinan damar ya ce sai an miƙa maganar ga shugaban ƙasa kafin ya aiwatar. Wannan ne ya sa jihohi suka koma kafa nasu dakarun, Amotekun a kudu maso yamma a 2020, Katsina a 2023, Askarawan Zamfara da dakarun tsaron al'umma na Sakkwato a 2024, sai dai irin makamin da za su riƙe ba jiha ce ke da ta cewa a kansa ba, alhali wanda za su tara a daji bai nemi lasisin kowa ba. Maganar 'yan sandan jihohi kuwa sai an gyara tsarin mulki, da rinjayen kashi biyu cikin uku na majalisun tarayya da amincewar majalisun jihohi 24. Ina goyon bayanta, amma ba da ido rufe ba, domin dattawanmu ba su manta da 'yan dokan En'e ba da yadda aka riƙa amfani da su a kan 'yan hamayya a jamhuriya ta farko, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa gwamnatin soja ta narkar da su cikin rundunar tarayya.

Kada wannan ya sa ka wanke gwamnoni. Ƙasar noma da burtali da mashaya, waɗanda rigima a kansu na cikin tushen wannan bala'i, a hannun jiha suke. Kotunan jiha da makarantu da hanyoyin karkara da kuɗin tsaron da ake warewa ba tare da cikakken bayani ga jama'a ba, duk nasu ne. Suna kuma da kujeru a Majalisar 'Yan Sanda ta Ƙasa, wadda tsarin mulki ya ɗora wa sa ido kan tsarin rundunar da ba da shawara kan naɗin Sufeto Janar, kuma da suna matsa lamba ta riƙa zama a kai a kai da muryar jihohi ta fi haka ƙarfi. Sarakuna da hakimai, waɗanda su ne suka san baƙon da ya kwana a gari, tsarin mulkin 1999 bai ba su wani aiki a rubuce ba, duk da cewa su ake fara nema idan abu ya ɓaci, su kuma ake fara farauta, kamar yadda kisan Sarkin Gobir na Gatawa a watan Agusta 2024 ya nuna.

Saboda haka, Malam, idan maganar ƙarancin soja ce ko jinkirin kai ɗauki ko buɗaɗɗiyar iyaka, sanatanka da ɗan majalisar wakilanka za ka riƙe, domin su ke amincewa da kasafin kuɗin tsaro, su ke da ikon kiran hafsoshi su yi bayani, kuma ka ga abin da suka iya a 2023 da suka haɗa kai. Idan maganar gona ce da burtali da dakarun jiha da kula da waɗanda aka raba da gidajensu, gidan gwamnati da majalisar dokokin jiha ne. Akwai kuma wata ƙofa guda ta ƙasa da ƙasa da talaka zai iya ƙwanƙwasawa da kansa, wato Kotun ECOWAS da ke Abuja, wadda tun 2005 take karɓar ƙarar take haƙƙin ɗan Adam daga ɗaiɗaikun mutane ba tare da sharaɗin sai sun gama da kotunan gida ba. Hukuncinta ba ya zuwa da soja, kuma gwamnatoci sukan yi jan ƙafa wajen biyan diyyar da ta yanke, amma ƙauyen da ya rubuta ranar kowane hari da sunayen waɗanda aka kashe da lokacin da aka kira jami'an tsaro da lokacin da suka iso yana da abin da lauya zai shiga da shi gabanta.